Farar Ƙafar Barsu

Jikana ne ya shigo mini da kwikwiyo a cikin kwalin sabulu, yana ta washe baki kamar wanda aka biya wa Makka. Wai wani abokinsa mai tuƙa moto, wato babur, shi ne ya ba shi, wai irin na Turawa ne, har da takardar allura. Ya dire kwalin a gabana ya ce, "Tsoho, an ce da can kai ma ka san kare. Duba mini, zai yi gadi kuwa?" Ban san lokacin da hannuna ya kai ƙeyar ɗan abin nan ba. Na ɗaga shi sama, ya yi shiru yana lilo, idona ya fara gangarawa zuwa ƙafafunsa, sai na yi maza na mayar da shi cikin kwalin tun kafin in gani. Yaron ya fashe da dariya, ya ce tsufa ya kai ni tsoron kwikwiyo. Na bar shi a kan haka. Me zan ce wa wanda bai taɓa jin ƙahon farauta ba, wanda a wurinsa kare abin ɗaurewa ne a bayan ƙofa don ya yi wa ɓarawo haushi?

Garin Garwa da na tashi a cikinsa ba wannan ba ne. Unguwarmu ita ce ƙarshen gari. Daga bayan dangar kawuna sai gonakin masakwa, dawar rani, sai fadamar Binuwai, sai daji iyakar ganinka. Da sassafe abin da ke tashinmu shi ne luguden mata da gurnanin dorina daga kogi, da damina kuma kukan jiragen ruwa masu zuwa ɗaukar auduga da gyaɗa. Idan rani ya kama, ciyawa ta bushe, sai wani sauti ya danne su duka: ƙahon Sarkin Baka, shugaban maharban unguwa. In ya busa shi daga gindin tsamiyarsa, karnukan unguwa gaba ɗaya sukan amsa, kaji su watse, yara su yar da ludayin koko su fita da gudu. Yau a wurin tsamiyar nan mai walda ne da mai sayar da fetur a kwalba. Tun da aka datse kogin a Lagdo fadamar ta daina cika yadda muka san ta, jiragen suka daina zuwa, dajin kuma aka yayyanka shi gonaki da filayen gini. Yaran yanzu sun san kowace irin moto daga jin ƙararta, amma ka nuna musu sawun gada da na akuya, ba za su raba maka ba.

Gidanmu gidan fatake ne. Kakannin mahaifina da goro da baƙin yadi suka zo daga ƙasar Kano, suka zauna cikin Fulani, suka koyi Fillanci don kasuwa, suka riƙe Hausa don cikin gida. Mahaifina ba ya ƙaunar ko jin sunan kare. Yakan ce gidan da kare ya kwana mala'iku ba sa leƙa shi, kuma in na dawo daga gidan Kawu sai na yi wanka na sauya riga kafin in hau tabarmarsa. Amma dangin uwata maharba ne tun kaka da kakanni, kuma jininsu ne ya rinjaya a jikina. Kawu, yayan mahaifiyata, Allah bai ba shi haihuwa ba, shi da matarsa da muke kira Inna, don haka na zama ɗan gidan ba tare da an ce an ba su ni ba. Ni nake dama wa karnuka kunun dusa, in jira ya huce, don an ce abu mai zafi yana kashe hancin kare. Ni nake cire musu kaska, in kai su kogi, in shafa musu man shanu da toka a kunne inda ƙuda ya ci. Kawu ba mai magana ba ne. Yakan yini bai ce da mutum uffan ba, amma ka laɓe a bayan rumbu ka ji shi da karnukansa, hira yake kamar da sa'o'insa.

A wancan zamani ba a zaɓen kare da kyan gashi. Ilimi ne, kuma masu shi ba sa zubar da shi a gaban kowa. In karya ta haihu ba a taɓa 'ya'yan sai sun fara buɗe ido, sannan a kira manya su zo dubawa. Da farko a ɗaga kwikwiyo ta fatar ƙeya. Wanda ya yi kuka ragon maza ne, ya je ya tsare wa mata kaji. Wanda ya yi shiru a ajiye shi gefe. Sai a buɗe bakinsa a duba ganɗa: baƙar ganɗa ita ce ta kamu, in ya cafke nama ko za a kashe shi ba ya saki, mai ja kuwa ɓarawon tukunya ne. A shafa ƙarƙashin haɓa a nemi gashin da ke tsirowa a wurin: in tilo ne, kare ne na mutum ɗaya har abada, in biyu ne, zuciyarsa biyu, yau naka gobe na mai ƙashi. Wutsiyar da ta lanƙwasa dama tana kawo nama gida, ta hagu kuwa sai ta kawo rigima da maƙwabta. Mai ɗigo a saman kowane ido, da ake cewa mai ido huɗu, yana ganin abin da ba mu gani, ba a son shi a daji, don yakan tsaya ya yi haushi inda babu kowa ya karya wa maza zuciya. Daga ƙarshe sai a yi na wuta. A zagaye 'yan kwikwiyon da busasshiyar ciyawa, a riƙe uwar, a kunna, sannan a sake ta. Wanda ta fara tsallaka wuta ta ɗauko, shi ne zakaran cikin, don an ce mutum yana iya kuskure amma uwa ba ta yi.

Ba zan zauna a nan in ce duk shirme ne ba, don na ga da yawa sun tabbata. Na ga mai jar ganɗa da aka kama da kansa a cikin tukunyar miyar liman, na ga mai gashi biyu da ya bi Mbororo ya bar ubangidansa yana kira. Amma a cikin ilimin nan akwai dokoki biyu da ba a yi musu dariya. Ta farko, karen da ƙafarsa ta gaba ta hagu ta zo fara, ita kaɗai, ba a renonsa. Tsofaffi sukan ce da ita yake haƙa ramin ubangidansa, don haka kogi ake kai shi tun bai san duniya ba. Ta biyu, kare ba ya rigan ubangidansa isa gida. In aka ga kare ya dawo daga daji shi kaɗai, yana jan rigar mutane, to ba shi ba ne, mutanen ɓoye ne suka gama da mai shi suka aiko karen ya jawo musu wani. Ba a binsa, ba a taɓa shi da hannu, daga nesa ake kashe shi. Haka muka ji daga manya, su ma haka suka ji, ba wanda ya taɓa tambayar wa aka fara yi wa.

Shekarar da wata annoba ta faɗa wa karnuka, tana sa su majina da rawar jiki, ta share na Kawu kaf, sai tsohuwar karyarsa Kyalla kaɗai ta rage. Irin karnukan kakana ce, dogaye masu siririn ciki, jajaye kamar ƙasar tudu. A ƙarshen ƙarfinta ta yi ciki ta haihu, kuma ranar dubawa Sarkin Baka ya zo da kansa, don shi da Kawu a hannun mutum ɗaya suka koyi daji, ƙanensa yake kiransa. Sauran 'ya'yan ba wani abin kirki, wannan ya yi kuka, wancan jar ganɗa. Ɗaya ne aka ɗaga ya yi shiru yana kallon Sarkin Baka cikin ido. Ganɗarsa baƙa wuluk, gashin haɓa tilo, wutsiya dama. Da aka kunna ciyawa Kyalla ba ta ko dubi sauran ba, ta faɗa wuta ta ɗauko shi, gashin cikinta yana ƙauri. Amma duk wanda ke wurin ya ga abu ɗaya: ƙafarsa ta gaba ta hagu fara ce tas har gwiwa.

Sarkin Baka ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya ce, "Ƙanena, tun da nake ban taɓa buɗe baki irin wannan ba. Amma dubi hannunsa."

"Na gani tun ranar da ya faɗo, Sarki."

"To ka san inda za shi. Kogi ba nisa."

Kawu ya ce, "Kyalla ta gama, ba za ta ƙara ba. In na jefa wannan, irin karnukan babanmu ya ƙare ke nan."

"Gara iri ya ƙare da mai iri ya ƙare. Wallay ba don ƙi nake faɗa maka ba."

"Kwana na Allah ne, Sarki, ba na ƙafar kare ba."

"Ba musu. Amma wanda ya yi kwanan shi ya yi alamar, ya kuma ba mu ido." Sarkin Baka ya ajiye kwikwiyon a ƙasa ya goge hannunsa da turɓaya. "In ka riƙe shi, ba zai shiga cikin karnukanmu ba. Ba ni da ikon kwasar 'ya'yan mutane in kai su daji da wannan a gaba. Ka zo kai kaɗai, ga wurinka. Ka zo da shi, ka yi naka dajin."

Kawu ya sunkuya. Ya ɗauki kwikwiyon ya mayar wa uwarsa. Daga ranar unguwa ta ɗauka, mata a bakin rijiya, maza a majalisa, har mahaifiyata ta zo tana kuka tana roƙon yayanta ya rufa mata asiri. Duk wanda ya kawo masa abin da ake faɗa, amsarsa ɗaya ce: "Bar su." Da haka sunan ya bi karen, ya zama Barsu. In an busa ƙaho kowa ya nufi tsamiya, Kawu sai ya rataya burgaminsa da bindigarsa ta toka ya bi ta bayan danga, shi da karensa, wani lokaci da ni. Na ji zafin wannan wariya fiye da shi, don ni yaro ne mai son taro da kirari, amma ban taɓa jin ya zagi Sarkin Baka ba ko sau ɗaya.

Barsu kuwa ya tashi ya zama abin da ban ƙara ganin irinsa ba. Ba ya haushi a daji. In ya ji ƙanshin nama sai ya tsaya cak, ya ɗaga farar ƙafar nan, ya waiwayo ya dubi Kawu, kamar yana neman izini. Ya san ya zagaya ya koro gada zuwa inda muke, ya san ya bar beguwa da ƙayarta, ya san ya tsaya nesa da ƙahon gwanki. Ranar da taron farauta suka dawo da zomo biyu da gajiya, mu mukan shigo da nama a kafaɗa, kuma Kawu yakan sa in kai wa Sarkin Baka cinya, shi kuma yakan karɓa ya sa albarka, amma ba ya barin karen ya tsallaka zaurensa. Kawu yana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi wa dariya. Duk guzurin da Inna ta ba shi, ƙuli-ƙuli ne ko ƙanzo, kafin ya kai bakinsa sai ya ware na Barsu ya ƙulle a haɓar rigarsa. Ba ya ba shi sai aiki ya ƙare. Yakan ce, "Wanda ya yi maka aike, ka ba shi ladan ƙafa, ko da dabba ne."

Wata rana da ban bi su ba, ina wanki ni kaɗai a wani lungun kogi da muka saba, sai ga Barsu ya ɓullo daga ciyawa shi kaɗai. Doka ta biyu ta faɗo mini a rai, har na kai hannu ga dutse. Sai na ga kambun Kawu, wannan layar fata da yake ɗaurawa a damtse, a ɗaure a wuyan karen. Ya kama ƙafar wandona ya ja, ya saki, ya yi gaba ya waiwayo. Na bi shi. Na iske Kawu zaune a inuwar marke lafiya lau, ga gwanki a kwance wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Ya kwance haɓar riga ya ba Barsu ƙuli-ƙulinsa, sannan ya dube ni ya ce ya daɗe yana koya masa, in ya ɗaura masa kambu ya ce "gida", ni zai nemo. Ya kama kunnena ya ce, "Kada kowa ya ji, har Innarka. In suka san yana shiga gari shi kaɗai, ba za su bar shi ya kwana ba." Na riƙe maganar, don a lokacin gaskiya ce.

Sai shekarun wahala suka zo, waɗanda masu boko ke kira kiris. Aka zaftare albashi, aka rage wa kuɗin sefa daraja, masana'antu suka sallami mutane, na arewa da fari ya koro suka zo suna sare daji suna noma. Kowa ya zama maharbi dare ɗaya, har malamin makarantar boko da tsohon masinja. Ba su san sawu ba, ba su san kare ba, ba su san a bar mai ciki ta wuce ba. Waya suke kafawa, da wasu manyan tarkuna da maƙera suka koyi yi da sifirin mota, masu haƙora, waɗanda ake ɗaure wa gungume da sarƙa don ɓauna. Mutum ya kafa ya rufe da ganye ya tafi, wani ma ya manta inda ya kafa. Dajin da ya fi nama an ba Turawa masu harbin nishaɗi, da masu gadi riƙe da bindiga, a kan hanyoyi kuma ga zargina, 'yan fashin da ke tare motoci suna sace 'ya'yan makiyaya. Ƙahon Sarkin Baka ya koma sai jefi-jefi. Kawu ya shiga yin nisa, kuma ya daina faɗa wa kowa inda ya nufa, don bakin da zai kai ka wurin masu gandun daji yana iya zama na maƙwabcinka.

A ƙarshen wani rani, lokacin da hadari ya fara haɗuwa bai zuba ba, Kawu ya fita da asuba da Barsu. Da hantsi yaron da ke raka kayan mahaifina ya kwanta zazzaɓi, sai mahaifina ya ce in hau kamiyon, babbar motar kaya, in raka goro Maruwa. Ba a musu da shi, kuma babu dalilin musu. Kawu ya fita bai san zan yi tafiya ba. Da na dawo washegari, tun daga bakin unguwa na ga mutane suna kauda ido. Na shiga gidan Kawu na iske mata cike da tsakar gida, Inna a tsakiyarsu idonta ya kumbura, zanenta a yage ta gefe.

Abin da ya faru, na tsinto shi daga bakuna da yawa. Bayan azahar aka ga Barsu ya fito daga wajen kogi, jiƙe, shi kaɗai. Lungun wankina ya fara zuwa ke nan. Daga nan ya ratsa unguwa a guje har ƙofar mahaifina, inda bai taɓa zuwa ba a rayuwarsa, aka kore shi da jifa. Sai ya koma gida ya kama zanen Inna yana ja, yana wani irin kuka, ya saki ya yi ƙofa ya dawo ya sake kamawa. Inna ta yi ihu, mata suka shigo suka rirriƙe ta, aka kira maza. Ta ce zuciyarta ta ce mata ta bi shi, ta ma faɗa da baki, aka ce ai abin da suke so ke nan, ita aka aiko a ɗauka. Sarkin Baka ya zo da kere da kulki. An ce Barsu bai gudu ba, bai kuma yi cizo ba. Duk lokacin da aka same shi sai ya rarrafa ya nufi ƙofar daji ya waiwayo. A bakin danga suka ƙarasa shi, suka zarga masa igiya a ƙafar baya suka ja shi zuwa kududdufin da ake zubar da shara.

Na je kududdufin. Na kori ƙuda, na tusa hannu cikin gashin wuyansa, na ciro kambun Kawu, da irin ƙullin da shi kaɗai yake yi. Na nufi tsamiya da shi a hannu, ban yi sallama ba, ban cire takalmi ba.

Sarkin Baka ya ce, "Sannu, ɗana. Sai haƙuri. Aiko shi aka yi."

Na ce, "Ƙwarai aiko shi aka yi, Baba Sarki. Kawu ne ya aiko shi. Ga kambunsa. Yana da rai, yana can yana jira."

Na faɗa musu labarin gwanki. Tsohon ya karɓi kambun, ya juya shi, ya sansana, ya dubi waɗanda ke zaune. Ba wanda ya ɗaga kai. Ya tashi ya shiga gida ya fito da ƙaho. Ranar ce kaɗai na ji an busa shi don neman mutum, kuma unguwa ta fito kaf, har mahaifina da babbar rigarsa.

Amma ruwan farko ya riga mu. Da yammacin da aka kashe Barsu aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, ya wanke sawu, ya wanke ƙanshi. Ba wanda ya san ko gabas Kawu ya yi ko kudu. Aka sa Duna a gaba, karen Sarkin Baka, wanda ya cika kowace alama, baƙar ganɗa, gashi tilo, ƙafafu huɗu baƙaƙe. Aka sansana masa kambu, ya ja mu da gudu har muka fara hamdala, ya kai mu ramin gafiya. Muka rarrabu, muna kira, muna harbi sama, muna tambayar manoma da makiyaya. Na kai su duk wuraren da na sani, har gindin marken nan. Kwanaki suka yi ta wucewa, masu zuwa suna raguwa, aka fara cewa zargina ne suka ɗauke shi, wasu suka ce ai dama mutanen ɓoye ba sa mayar da abin da suka karɓa. Ni dai ban iya cin abinci ba, don duk lomar da na ɗauka sai in tuna akwai wanda ke kallon hanya.

Wani Bambororo ne ya zo ya ce ya ga ungulaye suna shawagi a bayan wani busasshen mayo, wato rafi, wajen duwatsu. Muka bi shi. Tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Da an bi kare da azahar, da an isa kafin rana ta faɗi. Kawu yana kwance a gindin wata 'yar ƙaya, ƙafarsa ta dama a cikin tarkon sifiri har ƙauri, irin wanda sai ƙarti biyu sun taka shi yake buɗewa. Bai daɗe da cikawa ba, tsuntsayen ma ba su sauka ba tukuna. Wurin ya ba mu labarin da ba mu so ji ba. Ƙasa ta goge a zagaye iyakar tsawon sarƙa. Wuƙarsa ta karye a jikin ƙarfen. Albarushinsa ya ƙare, ga sawun kura a kewaye. Ya haƙa ɗan rami da hannu ya tari ruwan sama, ramin ya bushe. Ga shatin tafukansa a ƙasa inda yake taimama. Duk ganyen da hannunsa ya kai ya tsinke ya ci, har maratayin burgaminsa ya tauna. Fuskarsa tana kallon hanyar gida.

Sarkin Baka ya durƙusa ya rufe masa ido, hawaye yana bin gemunsa, kuka na gaske, ba na ganin ido ba. Sannan ya ce, a hankali, "Na faɗa masa. Farar hagu ba ta ƙarya." Waɗanda ke wurin suka gyaɗa kai. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokaci ba, har na mutuwar ma bai kai shi ba. Mutanen da suka ware shi har ya koma farauta shi kaɗai, suka kashe ɗan aikensa a ƙofar gidansa, su ne suke tsaye a kan gawarsa suna shaida cewa iliminsu ya tabbata. Tsohon nan a kan haka ya mutu, kuma yawancin unguwa a kan haka suka tsaya. Na tabbata bayan wannan an ƙara kai 'yan kwikwiyo kogi da sunan Kawu. Ni kuma daga ranar ban sake buɗe bakin kare ba, ban sake shiga daji ba, na koma shagon mahaifina na tsufa a kan awon goro.

Da muka kawo shi gida za a yi masa wanka, ni na cire masa riga. A haɓarta na ji ƙulli. Na kwance, sai ga ƙuli-ƙuli, ya jiƙe da ruwan sama ya sake bushewa, amma ko gefensa ba a gutsura ba. Mutumin da ya ci ganyen ƙaya, ya tauna fata, bai taɓa wannan ba.

Na kai wa Inna. Ta dube shi a tafin hannuna, ba ta tambaye ni kome ba, don ita ta soya shi. Bayan an dawo daga maƙabarta ta tashi, ta yafa mayafi, ta fita da takabarta. Mata suka yi ta kira, ba wadda ta iya tare ta. Na bi bayanta har bakin kududdufi, inda babu abin da ya rage sai ƙashi da ɗan jan gashi da igiyar da aka ja shi da ita. Ta tsuguna ta ajiye ƙuli-ƙulin a ƙasa, ta ce, "Ga ladan ƙafarka, Barsu, in ji maigida. Kai ka isar da aike. Mu ne ba mu karɓa ba."